DARASI A KAN SAYEN KABAD DA WADIROF TA WAYA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta ciniki Ya haramta riba, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, darasinmu na wannan fitowa a kan kayan ajiya na gida ne, watau kabad da wadirof da durowa da kantar jera kwanuka, waɗanda mutane suka koma saye ta waya maimakon su taka zuwa shago. Ni sana'ata hatsi ce, to amma ciniki duk uwa ɗaya uba ɗaya ne. Wanda ya san yadda ake soka buhun gero a duba ciki, ya san rabin abin da za a faɗa a nan.

FASALI NA FARKO: YADDA ABIN YA ZO MANA

Iyayenmu adaka da akwatin ƙarfe suka sani, sai kwalla da samiru a jere a ɗaki. Daga baya kabad mai gilashi ya shigo, sa'an nan wadirof. Mai aurar da 'ya sai ya tafi 'Yan Katako ta Na'ibawa ya zaɓi katako, ya kai wa kafinta, ya riƙa leƙawa har a gama. Ko kuwa ya shiga shago ya buɗe ƙofar kaya, ya ƙwanƙwasa, ya yi tayi, a ce albarka, har a sallama.

A 2012 aka buɗe Jumia da Konga a Ikko, kasuwanni ne na intanet. Amma mu nan Kano yawancin cinikin a WhatsApp da Instagram da Facebook yake, inda kafinta ko dillali ko wata mata daga cikin gidanta za ta sa hoto. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuwa ya koya wa har tsofaffi tura kuɗi ta waya. Da hoto da turawa suka haɗu, sai ciniki ya zama na minti biyar.

Kada wani ya ce abin ba shi da amfani. Kana zaune a Unguwar Gano za ka ga kayan shago goma, ka gwama farashi, ba ka biya kuɗin adaidaita sahu ba. Matan aure da ba sa fita su ma sun sami hanyar saye da sayarwa. Sai dai ido ba mudu ba ne, balle hoto.

FASALI NA BIYU: HUKUNCINSA

Ku sani sayen abin da ba a gani ba tsohuwar mas'ala ce, malamanmu na Malikiyya sun warware ta tun kafin a san waya. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya halatta sayen dilar kaya a kan takardar da ta bayyana abin da ke ciki, ba sai an kwance ba. Mai Risala, Ibnu Abi Zaid, shi ma ya halatta sayen abin da yake nesa bisa siffa. Abin da aka hana shi ne garari, watau cinikin da ba ka san me za ka samu ba.

Cinikin waya iri uku ne, kowanne da hukuncinsa.

Na ɗaya, kayan yana nan a ƙere, mallakar mai sayarwa, an siffanta maka shi. Wannan ya halatta. In ya zo daidai da siffa ciniki ya ɗauru, in ya saɓa kana da zaɓi, ka karɓa ko ka mayar. Ba a sharɗanta biyan kuɗi tun farko sai in wurin na kusa ne, kamar tafiyar kwana ɗaya ko biyu. Kuma in ya karye a hanya kafin ya shiga hannunka, asarar mai sayarwa ce, sai in kun yi wani sharaɗi daban.

Na biyu, ba a ƙera ba tukuna, za a yi maka. Wannan malamanmu sun sa shi a babin salam, irin wanda muke yi da manomi kafin kaka: a ba da kuɗi a gaba, a bayyana siffa da awo, a yanka ranar kawowa. Ranar nan tilas ce. "In sha Allahu kwanan nan" ba rana ba ce.

Na uku, mutum ya ɗauko hoton kayan wani, ya sa a wayarsa kamar nasa, ya karɓi kuɗinka, sa'an nan ya bazama nema. Manzon Allah (SAW) ya hana Hakimu ɗan Hizamu sayar da abin da ba ya wurinsa. Dillalai, a nan ku kula. Mafita mai sauƙi ce: ka faɗa wa mai saye kai wakili ne, kayan na wane shago ne, la'adarka kaza ce. Dillanci halal ne, kuma da shi Kurmi da Dawanau suka tsaya. Ɓoyewar ce take ɓata shi.

FASALI NA UKU: SIFFAR DA ZA KA NEMA

Tunda siffa ce ta halatta cinikin, to hoto kaɗai bai cika siffa ba. Abu huɗu za ka tambaya.

Na farko awo: tsawo, faɗi da zurfi. Ƙafa ɗaya inci 12 ce, wajen santimita 30. Wadirof ɗin rataye riguna yana son zurfin ƙafa 2, in ya gaza haka ƙofa ba za ta rufu a kan babbar riga ba. Ka auna ɗakin da tef, ka auna ƙofar ɗaki, ka auna ƙofar soro da lungun da za a bi. Ka tambaya kuma ko a haɗe zai zo ko a warware.

Na biyu irin katako. Yawancin kayan da kuke gani masu sheƙi ba icce ba ne, allo ne na garin katako da aka matse da gam, wanda kafintoci ke kira MDF, akwai kuma HDF da ya fi shi tauri. Faifansa ƙafa 4 ne da ƙafa 8. Ka tambayi kaurinsa, milimita 15 ne ko 18, domin kantar da za ta ɗauki kwanuka in siririya ce sai ta lanƙwashe. Wannan allo ba ya shiri da ruwa, in laima ta taɓa gindinsa sai ya kumbura ya ruɓe, saboda haka a sa masa ƙafafu, musamman a gidajen da ruwa ke kwanciya da damina. In kuwa katako ne na gaske, ka tambaya ko ya bushe. Ɗanyen katakon kudu in hunturun Kano ya buge shi sai ya tsage, ƙofa ta karkace. Ka tambaya kuma ko an shafa masa maganin gara.

Na uku bayan kaya da cikinsa. A nan ake cin amana, kamar mai zuba tsakuwa a gindin buhu ya rufe da gero mai kyau. Kun san hadisin da Annabi (SAW) ya sa hannu a tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ciki, ya tsawata wa mai shi a kan algus. To ka ce a juya maka wadirof ɗin ka ga bayansa.

Na huɗu ƙarafuna: hinjin ƙofa, makulli, hannu, da ƙarfen da durowa ke gudu a kai. Su ne ke fara mutuwa.

Kuma kada ka yarda da hoto. Ka ce a kira ka ta bidiyo, mai kayan ya tsaya kusa da shi ka ga girmansa, ya buɗe ya rufe, ya ɗora tef kana kallo. Wannan shi ne samfurinka.

Abin da ya sa na dage a kan awo, ni ya faru da ni. Da zan aurar da 'yata, iyayenta mata suka ga wadirof mai ƙofa huɗu a waya, muka tura kuɗi duka. Ana jibi za a yi jere aka kawo shi a haɗe, ya ƙi shiga ƙofar soro. Aka kira kafinta ya kwance shi, da aka zo mayarwa ramukan ƙusoshin suka zube, bayan kuwa siririn allo ne da yatsa ke lotsawa. Mai kayan ya ce ai ba mu tambaya ba. Na yi shiru, don gaskiyarsa a wannan. Ni da ban taɓa sayen buhun wake ban soka ba, na sayi wannan a kan hoto.

FASALI NA HUƊU: LISSAFI DA BIYA

Ga misali don a gane. A waya an ce naira 300,000, a shago an ce 330,000 har kawowa da kafawa. Ka ƙara wa na waya 25,000 na a-kori-kura da 'yan dako, da 15,000 na kafinta. Ya zama 340,000. Wane ne mai araha? Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama babban kaso a duk kaya mai nauyi, to kada a bar shi a duhu. Tun farko a faɗi wa zai biya kawowa, wa zai biya mayarwa in an saɓa.

Wajen biya, in kayan yana nan a ƙere, mafi aminci ka biya bayan ya iso ka duba. In na ƙerawa ne, to ka san shagon da idonka, ko ka aiki yaronka, ko wani da ka amince masa ya tsaya a tsakani. Ka duba sunan da ke kan asusun banki ko shi ne na wanda kake magana da shi. A rubuta siffa da farashi da rana, ko a saƙon waya ne, kada ka goge. Allah Ya umarce mu da rubuta bashi a Suratul Baƙara, kuma wannan rubutun shi ne hujjarka a gaban shugabannin kasuwa, ko alƙali, ko hukumar kare haƙƙin masu saye, wadda dokar tarayya ta 2018 ta kafa.

Shawarata ita ce: ƙananan kaya, kamar kantar roba ko ta ƙarfe mai awo sananne, a saya ta waya ba komai. Amma wadirof da kabad na ɗakin amarya, in shagon a cikin Kano yake, ka nemi farashi ta waya, sa'an nan ka je ka ƙwanƙwasa da hannunka. Daga Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni babu shagon da ya kai tafiyar yini.

Ku kuma masu sayarwa, ku sa hoton kayanku na ainihi, ku faɗi aibinsa kafin a tambaye ku. Mai saye ɗaya da ya ji daɗi zai kawo muku danginsa duka, wanda aka cuta kuwa zai kai ƙara inda babu lauya.

Abin da muka yi daidai daga Allah ne, kuskure namu ne, mas'alar da ta shige wa mutum duhu ya kai wa malaminsa. Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya tsare mu da cin haram, amin. Wallahu a'alamu. Tammat.