Garkar gida: yadda za mu raba aikinta cikin sati

Jama'a masu karatu, darasinmu na yau a kan garkar gida ne. Bayan farin shekarar 1984 ne gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani a ƙasarmu. Tun daga lokacin garake suka yawaita a fadamu da bakin gulbin Maraɗi, albasar Galmi kuma ta ƙara suna har ƙasashen waje. Amma ba kowa ke da fadama ba. Da yawa cikinmu kan ce: «Ina muka ga lokaci? Ga daka, ga ɗiban ruwa, ga kasuwa, ga yara.» Gaskiya ne aiki ya yi yawa. To, ƙaramar garka ba ta cin yini, in dai an raba aikinta tsakanin mutanen gida.

Me ya sa muke bukatarta?

Da rani ganye kan yi wuya, miyarmu ta koma kuka da busasshiyar kuɓewa kullum. Jikin yaro yana bukatar bitamin A. In ya rasa shi, sai dundumi ya kama shi, ya daina gani sosai da magariba. Ƙyanda da zawo kuma sun fi tsanani ga irin wannan yaro, har su kai ga makanta ko rasa rai. Ana samun bitamin A cikin zogale, alayyafo, karoti, kabewa da mangwaro. Sai a sa ɗan mai ko ƙuli-ƙuli cikin ganyen, domin da maiƙo ne jiki yake shan wannan bitamin. Jariri kuwa nono kaɗai ya ishe shi har wata 6. Daga nan a fara sa masa dakakken ganye cikin kunu.

Yadda za mu fara

1. Mu zaɓi wuri mai samun rana, kusa da ruwa. Mu kewaye shi da darni ko ƙaya saboda awaki da kaji.
2. Mu ja fangali 2 ko 3. Kowane ya yi metir 1 a faɗi, metir 3 a tsawo, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka shuka ba.
3. Mu zuba taki wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin dabba yana ƙona saiwa, yana kuma kawo ciyawa.
4. Salati, shu, karoti da tumatir sun fi son sanyi, daga Oktoba zuwa Fabarairu. Alayyafo, yakuwa da kuɓewa suna jure zafi.
5. Tumatir sai a rene shi kamar sati 4, sa'annan a dasa da maraice, a bar santimetir 50 tsakanin tushe da tushe. Karoti ba a dasa shi, inda aka shuka nan yake girma.
6. Mu sa zogale 2 ko 3 a kusurwa. In ya kai metir 1, a yanke kansa don ya yi rassa.

Rabon aikin sati

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga misali, kowane gida sai ya gyara shi daidai da halinsa.

Kullum: ban ruwa da sassafe da kuma maraice, ba da tsakar rana ba. Yara manya suna iya yin na safe kafin su tafi lakkol. Ruwan wankin hatsi da na ganye ya yi, amma ban da mai sabulu da yawa. In mun rufe ƙasa da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, laima za ta daɗe, jan guga ya ragu.

Rana ɗaya: maigida ya yi noma, ya sassauta ƙasa, ya duba darni.

Rana ɗaya: uwargida da yara su juya ganye su duba ƙasansa, su tsince tsutsa da hannu. In ƙwari sun yi yawa, a daka rabin kilo na ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, a jiƙa cikin litar 10 na ruwa ya kwana. A tace, a yayyafa da maraice. Kada mu sa maganin ƙwarin auduga ko na wake a ganyen da za mu ci.

Jajibirin kasuwa: a tsinki abin da ya yi saura bayan tukunyar gida ta samu nata. Mutanen Maraɗi suna da Litinin da Juma'a, na Damagaram Alhamis, na Tawa Lahadi. Amma mu tuna: cikin yara shi ne kasuwar farko.

Tsabta

Ganyen da ake ci ɗanye, kamar salati, a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta, mu ma mu wanke hannu da sabulu. Kada mu bar ruwa ya kwanta, ko tulu a buɗe, don nan sauro ke haihuwa. Zogalen da za a ajiye a shanya shi a inuwa, domin rana tana kashe bitamin ɗinsa.

Daɗin da ke ciki

Alayyafo sati 4 ya isa tsinka. Mu ba kowane yaro tushensa, ya yi masa ban ruwa da kansa. Ranar da tumatir ɗinsa ya nuna, shi zai kai wa innarsa da hannunsa. Ga kwaɗon zogale da maraice, ga ɗan ƙunshin salati da za a aika wa maƙwabta, ga kuɗin cefane sun huta. Sannu ba ta hana zuwa. Mu fara da fangali ɗaya a wannan sati.

Tambayoyi

1. Wace cuta rashin bitamin A ke kawowa?
2. Don me ake sa mai cikin ganye?
3. A gidanku, wa zai ɗauki ban ruwan safe?