Sunan Amina

A ƙasar Birnin Gwari, in an haifi yarinya ba a raɗa mata suna sai ran kwana bakwai. Ran nan da sassafe dangi da maƙwabta su taru a ƙofar gida, a raba goro, a yanka rago. Uban yarinya ya raɗa wa liman sunan da ya zaɓa, liman ya yi addu'a, sa'an nan maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da jama'a. Sau da yawa abin da za a ji shi ne, "Sunan yarinya Amina!"

Asalin wannan suna Larabci ne. A wurin Larabawa sunaye biyu ne masu kama da juna. Na ɗaya ana jan farkonsa, ma'anarsa wadda ta zauna lafiya, ba tsoro a zuciyarta. Na biyu ana jan tsakiyarsa, watau wadda aka yarda da ita, in an ba ta ajiya ba ta ci. Da suka shigo bakin Hausawa sai suka zama ɗaya. Tushensu ɗaya ne da aminci, da amana, da amini, da sunan nan na maza, Aminu. Saboda haka wanda ya sa wa 'yarsa Amina addu'a biyu ya yi mata. Mutanen Birnin Gwari kuwa, da suka sha wahalar 'yan fashin daji shekara da shekaru, sun san darajar ta farkon.

Babban abin da ya sa Musulmi ke son sunan shi ne mahaifiyar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sunanta Amina 'yar Wahabu, daga cikin Ƙuraishawan Makka. Mijinta Abdullahi ya rasu tun tana da ciki. Ita ma ba ta daɗe ba, ta rasu a wani wuri da ake kira Abwa, tsakanin Makka da Madina, ɗanta yana da shekara 6. Duk inda Musulunci ya kai, sunanta ya bi shi. A Mali da Senegal cewa suke Aminata.

Amma a ƙasar Hausa akwai wata Amina kuma, wadda kowane yaro ya kamata ya san labarinta. Ita ce Amina 'yar Bakwa Turunku, sarauniyar Zazzau, yayar Zariya wadda aka ce birnin Zariya ya ci sunanta. Littafin Tarihin Kano ya ce ta yi zamani da Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi sarauta daga 1421 zuwa 1438. Waɗansu masana kuwa sun ce a ƙarni na 16 ta yi zamani. Littafin ya ce ta shekara 34 tana cin ƙasashe, har ta kai Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da goro 10,000. Ya ce ita ce ta fara samun goro a ƙasar Hausa. Ashe goron da ake rabawa ran suna ma yana da labarin Amina a bayansa! An ce duk inda ta yi sansani sai ta kewaye shi da ganuwa, shi ya sa har yanzu ake kiran waɗansu tsofaffin ganuwoyi ganuwar Amina. A Kaduna akwai makarantar 'yan mata mai sunanta, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma akwai gidan kwanan ɗalibai mata da aka sa wa sunanta.

Yau da wuya a shiga aji a rasa Amina, wani ajin ma sai an ce Amina Babba da Amina Ƙarama. A 2017 wata mai sunan daga Nijeriya, Amina Muhammad, ta zama Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya.

Abin dariya, kura ma amina ake yi mata kirari da shi, ita da ba a ba ta ajiyar nama. In mafarauci ya fito daga dajin Kamuku ya ce ya ga sawun amina, kada wani yaro ya zaci 'yar ajinsu ce ta ɓata.