Haɗin Intanet ta Layin Tarho da Kamfanoni Biyu: Inda Hanya ke Ɓacewa

A haɗin intanet ta layin tarho, modem ne ke buga lambar kamfanin da ke ba da intanet, sannan ɓangarorin biyu su daidaita ta ƙa'idar PPP. A lokacin ne kamfani ke ara wa kwamfuta adireshin IP, wanda yawanci yakan canja a kowane kira, ya kuma sanar da ita adireshin na'urarsa da ke ɗaya bakin layin. Muddin kamfani ɗaya ne, ba a cika samun damuwa ba sai ta jinkiri, tunda modem na ƙa'idar V.90 da ta fito a 1998 bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba. Rikici yana farawa ne idan ofis ya yi rajista da kamfanoni biyu, ɗaya saboda araha, ɗaya saboda ranar da na farko ya ƙi ɗauka. Daga nan ake jin kukan da masu gyara suka saba ji: layi ya kama, fitilun modem suna ci, amma shafi ya ƙi buɗewa.

Da wuya laifin ya zama na layin waya. Galibi yana cikin teburin hanyoyi na kwamfutar kanta, wato jerin da ke nuna mata ƙofar da kowane fakitin bayani zai bi. Takan zaɓi hanyar da ta fi dacewa da adireshin da ake nufa, idan babu sai ta koma ga hanyar gama-gari, wadda ake rubutawa da 0.0.0.0. Kusan duk abin da ya nufi intanet ta nan yake fita. Ana duba teburin da route print a Windows, ko netstat -rn a Linux, kuma ya kamata a duba shi sau biyu, kafin kira da bayan kira, domin bambancin da ke tsakani shi ne ke tona asiri.

Windows da Linux sun saɓa a nan. A Linux, manhajar pppd tana kafa hanyar gama-gari idan an sa mata umarnin defaultroute, amma idan ta tarar da wata a teburin sai ta ƙyale ta. Saboda haka kwamfutar da aka taɓa rubuta wa ƙofar fita a katinta na cikin ofis za ta ci gaba da tura komai can, alhali modem yana zaune banza, kuɗin kira kuma yana tafiya. Haka ma idan kiran kamfanin farko bai yanke ba aka buga na biyu. Windows kuwa akasin haka take yi: sabon kira yakan ƙwace hanyar, sai dai idan an cire alamar da ke ba shi wannan dama a saitin haɗin. Sakamakon shi ne intanet ta zo, wasu sassan ofis kuma su ɓace.

Gwaji yana da tsari, kuma tsallake mataki ɓata lokaci ne. Da farko a aika ping zuwa adireshin na'urar kamfani da ke bakin layi. Idan ta amsa, layi da PPP lafiya suke. Sai a gwada wani adireshi na nesa da lambobinsa zalla. Idan ya amsa amma sunan shafi ya ƙi, to matsalar DNS ce, mai juya suna zuwa lamba. Kamfanoni da yawa ba sa amsa irin wannan tambaya sai daga abokan cinikinsu, don haka kwamfutar da ta buga kamfani na biyu tana riƙe da adireshin DNS na farko za ta yi ta jira. A Linux ana duba fayil ɗin resolv.conf, ana kuma sa usepeerdns domin pppd ta karɓi adireshin da ya dace a kowane kira. Idan lambar ma ta ƙi amsawa, traceroute, ko tracert a Windows, zai nuna zangon farko da fakiti ya sauka, a gane ƙofar da ya bi.

Wurin da ya fi wahalar da masu gyara shi ne lokacin da layuka biyu suke a buɗe tare. Kowane fakiti yana ɗauke da adireshin mai aikawa, kamar wasiƙar da aka rubuta wa akwatin gidan waya a bayanta, kuma amsa tana komawa ne ga kamfanin da ya mallaki wannan adireshi, ko ta ina fakitin ya fita. Idan fakiti mai adireshin kamfanin farko ya bi layin na biyu, abu biyu na iya faruwa. Na biyun zai iya jefar da shi tun a bakin ƙofa, domin tun shekarar 2000 takardar RFC 2827 ta shawarci kamfanoni su ƙi duk fakitin da adireshinsa ba nasu ba ne, don daƙile masu kai hari da adireshin bogi. Ko kuma ya wuce, amsa ta dawo ta ɗaya layin, sai matatar rp_filter ta Linux ta ƙi ta, tunda ta shigo ta inda ba a zata ba. Duka biyun ba sa barin saƙon kuskure, shiru kawai ake ji, shi ya sa ake ɗora wa kamfani laifin da ba nasa ba.

Maganin shi ne a sa kwamfuta ta duba daga ina fakiti ya fito, ba inda za shi kaɗai ba. Tun daga sigar 2.2 ta 1999 Linux ke iya riƙe teburi fiye da ɗaya. Ana ware wa kowane kamfani nasa, da hanyarsa ta gama-gari, sannan a yi amfani da ip rule a ce duk fakiti mai adireshi kaza ya bi teburi kaza. Tunda adireshin na aro ne, ba a rubuta dokar da hannu. Ana sa ta a fayil ɗin ip-up, wanda pppd ke kunnawa da zarar layi ya kama, a kuma share ta a ip-down. Mantawa da sharewar nan yakan bar matattun dokoki da za su rikita kiran gobe.

Imel ma yana da nasa tarko. A zamanin layin tarho, uwar garken aikawa ta kamfani takan ƙi miƙa saƙon wanda ya shigo ta layin wani kamfani, sau da yawa da lambar kuskure 550. Wasiƙu suna shigowa, ba sa fita. Wannan ba matsalar hanya ba ce, sai a canja uwar garken aikawa ta dace da layin da aka buga.

Akwai masu zaton modem biyu zai ninka sauri. Haɗa layuka biyu su zama ɗaya yana yiwuwa ta ƙa'idar Multilink PPP, amma sai duka biyun suna buga kamfani ɗaya da ya yarda da tsarin. Da kamfanoni daban, abin da aka saba samu shi ne raba ayyuka, wannan saukewa ta bi nan, waccan ta bi can, kuma duk wadda layinta ya yanke sai an sake ƙulla ta, domin adireshi ya canja.

Layin tarho na gida ya ja baya, amma yawancin modem na USB na farko masu amfani da layin GSM da PPP suke haɗawa, suna buga *99#. Kwamfutar da aka maƙala wa irinsu biyu na kamfanoni daban tana bin teburin nan ɗaya, kuma da matakan gwajin nan ake bincikarta.