Garakan Arlit da Akokan: abin da koren ganye ba ya nunawa

Duk wanda ya bi hanyar Agadas zuwa Arlit, tafiyar kilomita kusan 240 cikin tsakuwa da rairayi, zai yi mamakin ganin salati da kabeji da tumatir da albasa a bakin garin. Ruwan sama a nan ba ya kai milimita 100 a shekara. Ƙasar garka ba gadonta aka yi ba, da hannu aka haɗa ta: rairayi daga can, laka daga ƙorama, kashin awaki da na raƙuma, sai ruwa daga duk inda aka samu. Malaman gona da ke zagaya garakan Arlit da maƙwabciyarta Akokan, har da mai wannan rubutu, sun san irin wahalar da ake sha kafin fangali ɗaya ya yi kore. Shi ya sa ba da wasa suke ɗaukar abin da ke shiga wannan ƙasa ba.

An kafa Arlit a 1969 saboda yuraniyom. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙa a buɗaɗɗen rami a 1971, COMINAK kuma ya bi baya a 1978 da ramin ƙarƙashin ƙasa a Akuta, mai zurfin mita kusan 250. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe bayan ya fitar da tan kimanin 75,000 na yuraniyom. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da 'yan kwangila, kuma wasunsu garka da kiwo suka nufa. Abin da aka bari a bayan Akokan shi ne tudun dusar ma'adini, tan kusan miliyan 20, shimfiɗe a kan hekta 120.

Mutane da yawa suna zaton tunda an cire yuraniyom, dusar ba ta da sauran ƙarfi. Ba haka ba ne. Kashi 80 cikin 100 na tiririn nukiliya da ke cikin dutsen, ko ma fiye, yana nan cikin dusar, domin masana'anta yuraniyom kaɗai take tsamewa, ta bar sauran danginsa. A ciki akwai radiyom, wanda sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, kuma shi ne ke fitar da iskar radon, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun gaba, bayan taba, cikin abubuwan da ke jawo sankarar huhu. Ba ta da wari, ba ta da launi. Shirin da aka tsara shi ne a rufe tudun da laka da dutse masu kaurin mita biyu, don a tare ƙura da radon, a kuma hana ruwa ratsawa.

A nan ne aikin malamin gona yake yin wuya. Mai garka yana da ido, kuma idonsa ba ya ƙarya a kan abin da ya saba. In ƙasa ta yi gishiri, zai ga farin ɓawo a bakin fangali, ya ga bakin ganye ya ƙone. In taki ya yi ƙaranci, ganye zai yi rawaya. Amma in ƙurar dusa ce ta sauka, ko an yi cikon fangali da tsakuwar da aka kwaso daga jujin ma'adini, salati zai fito shar, ya yi kyau a kasuwa, babu alamar komai. Sau da yawa in aka yi wa dattijo zancen awo, sai ya ce, "Malam, dubi ganyen nan mana, ina ciwo a jikinsa?" Gaskiyarsa ce ta fuskar da ya sani. Sai dai irin wannan ciwo, na'ura kaɗai ke ganinsa.

Ba jita-jita ba ce. Tun 2003 cibiyar awo ta CRIIRAD daga Faransa, tare da ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen, suka fara auna ruwa da ƙasa da tarkacen ƙarfe a garin. A Nuwamban 2009 Greenpeace ta zo, kuma rahotonta na 2010 ya nuna cewa huɗu daga cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba a yankin sun zarce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da ita a ruwan sha. A wani titi na Akokan, inda aka yi ciko da duwatsun ma'adini, tiririn ya ninka na ƙasar da ba a taɓa ba har kusan sau 500. Kamfanin Areva mai gudanar da ma'adinan, wanda ya koma Orano a 2018, ya dage cewa yana bin ƙa'ida, amma daga baya ya bi tituna da na'ura yana kwashe abin da aka samu. An kuma tarar da ƙarafan masana'anta a kasuwa, waɗanda maƙera ke mayarwa kayan gida. Amina Weira, 'yar garin, ta nuna wannan rayuwa a fim ɗinta na 2016.

Zancen ruwa ya fi kowanne nauyi. Abin da ake sha a Arlit tsohon ruwa ne na ƙarƙashin ƙasa, irin na shimfiɗar Tarat, wanda ya taru tun zamanin da Sahara ke da damina. Abin da aka zuƙe ba ya dawowa a rayuwar ɗan Adam. Greenpeace ta ƙiyasta cewa ma'adinan biyu sun sha lita biliyan 270 cikin shekara 40. Makiyayan Abzin da ke yawo tsakanin Talak da Tamesna su ma suna kukan rijiyoyi.

Sannan akwai haɗarin da ya fi kusa da kwanon abinci, wanda ba a cika zancensa ba saboda sunan yuraniyom ya danne shi. Garaka da dama an rayar da su ne da ruwan dattin unguwannin ma'aikata, wanda ke taruwa a tafkunan bayan gari. Ruwan yana da taki, shuka tana sonsa, amma yana ɗauke da ƙwayoyin taifot da atuni da ƙwan tsutsar ciki. Salati da ake ci ɗanye shi ya fi ɗauka. Ga kuma gishiri: zafin Arlit yana ƙafar da ruwa nan da nan ya bar gishirin a sama, shekara bayan shekara, har ƙasa ta ƙi shuka. Mai garka sai ya ƙara takin zamani, abin ya ƙara lalacewa.

Akwai abin da ke hannun mai garka. Kada a kwaso tsakuwa ko ƙasar ciko daga kusa da ramuka da juji, komai arharta. Bututu, ganga ko tankin da ya fito daga masana'anta kada ya taɓa ruwan ban-ruwa sai an auna shi. Takin dabbobi da ya ruɓe sosai yana riƙe laima, yana kuma rage yawan ƙarfen da saiwa ke zuƙa, abin da rairayi tsantsa ba ya yi. Shingen aduwa, magarya ko dabino ta gefen da iska ke kaɗowa yana tare ƙura mai yawa, kuma a nan sare icen girki ya yi ɓarna, don bishiyar ƙaya a wannan ƙasa tana daɗewa kafin ta kai tsayin mutum. Inda ruwan datti ne kaɗai ake da shi, a ba itatuwa da ciyawar dabbobi da kayan miyan da sai an dafa, a zuba shi a gindi, ban da kan ganye. Uwar gida kuma ta wanke ganye da ruwa mai tsabta, ta fere karas, ta yar da ganyen kabeji na waje.

Amma awo ba aikin talaka ba ne. Tun Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta karɓe SOMAÏR, don haka alhakin ya matso gida. Ƙasar tana da hukumar ARSN mai sa ido kan harkar nukiliya, tana da ɗakin awon ƙasa na INRAN, da cibiyar nazarin tiriri a Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Abin da garakan Arlit da Akokan ke buƙata shi ne a riƙa ɗibar ƙasa da ruwa da ganye a kai a kai, rijiya bayan rijiya, a liƙa sakamakon a ofishin magajin gari, a karanta shi a rediyo da Hausa da Tamajak. Garkar da ta fito lafiya a faɗa, don mai ita ya sayar da kayansa ba tare da zargi ba. Wadda ta gurɓata a rufe ta, a ba mai ita wani fili da ruwa. Ƙungiyoyin masu garka suna da ikon kai wannan buƙata a rubuce, kuma ya kamata su kai ta kafin shukar sanyi mai zuwa.