Yadda Ɗalibin Sakandare Zai Nemo Maƙalar Bincike a Rumbunan Intanet

Idan aka ɓare busassun 'ya'yan zogale aka daka, aka zuba garin a ruwan rafi mai laka aka motsa, bayan awa ɗaya ko biyu lakar takan kwanta a ƙasa, ruwan ya washe. Aiki ne da ya dace da 'yan kulob ɗin kimiyya na aji biyar ko shida a sakandare, domin duk kayan gwajin ana samunsu a unguwa. Amma malamin da ya san aikinsa ba zai bari ku fara daka ba sai kun kawo masa abin da masu bincike suka riga suka gano: gari nawa ake zubawa, a wane irin ruwa yake aiki, kuma ko ruwan da ya washe ya zama na sha. Amsar ba ta cikin saƙon WhatsApp, tana cikin mujallun bincike. Da wannan misali na zogale zan bi da ku hanyar nemo su, ko da waya ɗaya tak kuke da ita.

Mujallar bincike daban take da wadda ake saya a bakin titi. Malaman jami'a da ma'aikatan cibiyoyin bincike ne suke rubuta maƙalunta, kuma kafin a buga kowace, edita yakan tura ta ga masana biyu ko uku na fannin su tantance ta. Su duba yadda aka yi gwajin, su ce a gyara, ko su ce ba ta cancanta ba. Rumbun bayanai kuwa ma'ajiya ce da ta tara sunaye da tsakuren maƙalu daga dubban irin waɗannan mujallu wuri guda, ta sa musu akwatin nema.

Kada ku kunna data tukuna. Aikin farko da takarda da biro ake yin sa, kuma a ganina shi ne rabin aikin gaba ɗaya. "Zogale da ruwa" ba tambaya ba ce, fage ne mai faɗi wanda za ku ɓace a cikinsa. Ku matse shi har ya zama jimla ɗaya da gwaji zai iya amsawa: shin garin 'ya'yan zogale yana kwantar da lakar ruwan rafi kamar yadda alam yake yi? Wannan tambaya tana tsaye a kan abu uku: itacen, aikin da yake yi, da abin da ake aunawa. Ku raba takardarku gida uku, kowane gida ku cika shi da kalmomin da masu binciken da kansu suke rubutawa. Mafi yawan maƙalun kimiyya da Ingilishi ake buga su, kuma rumbu ba ya fahimtar nufinku, harafin da kuka sa kawai yake bi. A gidan farko ku rubuta sunan kimiyya na zogale, Moringa oleifera, wanda ba ya canzawa daga Kano har Indiya. A na biyu ku sa coagulant da coagulation da water treatment. A na uku ku sa turbidity da alum. Littafin kimiyyar sinadarai da malaminku za su ba ku na farawa. Sauran za ku tsince su a ƙarƙashin tsakuren maƙalar farko da kuka samu, inda marubuta suke jera muhimman kalmominsu. Ɗaliban Nijar da suka fi sakewa da Faransanci su yi wata takardar da graines de Moringa da traitement de l'eau da turbidité, amma su riƙe ta Ingilishin ma, domin a can abin ya fi yawa.

Yanzu ku buɗe Google Scholar, wanda aka ƙaddamar a 2004, kyauta ne kuma ba ya neman rajista. Kada ku rubuta masa doguwar tambaya kamar kuna magana da mutum. Ku ɗauko kalma ɗaya daga kowane gida. Kalmomi biyu da dole su zo a jere ku sa su cikin alamar zancen wani, wato "Moringa oleifera", don kada ya kawo muku kowace daban. Idan kalmomi biyu ma'anarsu ɗaya, ku raba su da OR da manyan baƙaƙe, sai ya kawo duk maƙalar da ke ɗauke da ko wacce daga ciki. Layinku zai zama kamar haka: "Moringa oleifera" coagulant OR coagulation turbidity. Idan maƙalun ganye da abincin dabbobi suka cika muku shafi, ku manna alamar ɗebewa a jikin kalmar da ba ku so, misali -leaf. Sauran rumbuna, irin su PubMed da JSTOR, suna da shafin nema na musamman mai akwatuna da yawa, inda za ku zaɓi AND don matsewa, OR don faɗaɗawa, NOT don cirewa. A cikinsu kuma alamar tauraro tana aiki: coagul* zai kamo duk kalmar da ta fara da waɗannan haruffa. Google Scholar bai san wannan alamar ba.

Sakamakon farko zai zo dubbai. Kada ya razana ku, kuma kada ku fara saukewa. Ku taƙaita shekaru zuwa goma na baya-bayan nan. Ku sa intitle: a gaban kalmar da kuke so ta fito a kan maƙala ita kanta. Sannan ku ƙara kalmar review, domin akwai irin maƙalar da ba sabon gwaji ta yi ba, bitar ayyukan wasu ta yi ta jera abin da suka yarda a kai da inda suka saɓa. Ga mai farawa, maƙalar bita guda ɗaya mai kyau ta fi gwaje-gwaje ashirin amfani, don ita za ta nuna muku manyan sunayen fagen.

Daga nan sai bin sawu, kuma nan ne binciken yake daɗi. Manazartar da ke ƙarshen maƙala tana kai ku baya, ga waɗanda suka riga ta. A batun zogale, ba za ku daɗe ba za ku ga wasu sunaye suna ta maimaituwa. Akwai Samia Al Azharia Jahn, wadda ta yi nazarin yadda matan karkara a Sudan suke kwantar da lakar ruwan Kogin Nilu da 'ya'yan zogale, ta kuma buga maƙala a kan haka a 1988 a mujallar ƙungiyar ma'aikatan ruwa ta Amurka. Ashe ilimin daga hannun iyaye mata na ƙauye ya shiga ɗakin gwaji, kuma ya kamata ɗan Afirka ya san haka. Akwai kuma Ndabigengesere da Narasiah da Talbot na Jami'ar Sherbrooke a Kanada, waɗanda a 1995 suka nuna a mujallar Water Research cewa wani furotin ne a cikin ƙwayar, mai cajin lantarki kishiyar na ƙwayoyin laka, yake manne musu su dunƙule su nitse. Idan kuka samu irin wannan tsohuwar maƙala, ku latsa Cited by da ke ƙarƙashinta, sai ya kai ku gaba, ga duk waɗanda suka ambace ta daga baya. A cikin waɗannan ku nemi Nigeria ko Niger ko Kano, ku ga abin da aka gwada a ruwa irin naku.

Google Scholar ƙofa ce kawai, kuma ba ya tacewa sosai: kundin digiri da maƙala mai inganci da marar inganci duk yana kwasowa. Saboda haka ku san sauran rumbunan. AJOL, wanda ya fara aiki a 1998 kuma yake da mazauni a Afirka ta Kudu, ya tara mujallun Afirka sama da 500, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan mujallu a cikinsa. Mujallar kimiyya ta Jami'ar Bayero, BAJOPAS, tana nan. Ga batun zogale, nan ne wuri na biyu da za ku je. PubMed na Babban Laburaren Likitanci na Amurka shi ne na lafiya da ilimin halittu, yana da bayanan maƙalu sama da miliyan 35, kuma yana da maɓallin da zai bar muku waɗanda ake karantawa kyauta kaɗai. DOAJ, wanda aka kafa a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, duk abin da ke cikinsa kyauta ne. JSTOR ya fi ƙarfi a tarihi da adabi da harsuna, kuma wanda ya buɗe asusu na kyauta yana iya karanta wasu maƙalu kowane wata a kan shafin. Masu Faransanci suna da Persée da HAL.

Za ku ci karo da shafin da zai nuna muku tsakure ya ce ku biya dala talatin ko arba'in kafin ku ga sauran. Nan ɗalibai da yawa suke karaya, alhali ba wanda ya ce dole sai an biya. Ku koma Google Scholar ku duba gefen sunan maƙalar ko akwai alamar PDF. Idan babu, ku latsa All versions, domin sau da yawa marubucin ya ajiye kwafi a rumbun jami'arsa. Mai kwamfuta yana iya sa Unpaywall a manhajarsa ta shiga intanet, ita za ta nemo halastaccen kwafi idan akwai. Idan duk bai yiwu ba, adireshin imel na ɗaya daga marubutan yakan kasance a shafin farko. Ku rubuta masa gajeren saƙo cikin ladabi, da sanin malaminku, ku faɗi makarantarku da aikin da kuke yi. Masu bincike da yawa suna murna su ji ɗan sakandare yana neman aikinsu. Haka kuma malaminku yana iya neman alfarma a laburaren jami'a ko kwalejin da ke kusa, domin wasu cibiyoyi sun yi rajista da Research4Life, shirin da ya ƙunshi Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya da AGORA na Hukumar Abinci da Aikin Gona. Cibiya ce take rajista, ba mutum ɗaya ba.

Maƙala ba daga farko zuwa ƙarshe ake karanta ta ba a zaman farko. Ku karanta kanta da tsakurenta. Idan ba ta taɓa tambayarku ba, ku wuce, ba ku ɓata data ba. Idan ta taɓa, ku tsallaka zuwa kammalawa, sannan jadawalai da zane-zane, sannan ku dawo sashen da ya bayyana yadda aka yi gwajin. A wannan sashe ku zauna. Wane ruwa suka yi amfani da shi? Gwaje-gwaje da yawa ba da ruwan rafi aka yi su ba, farar ƙasa aka dama a ruwan famfo a ɗakin gwaji, kuma sakamakonsa ba lallai ya yi daidai da na kududdufin garinku ba. Miligiram nawa na gari suka zuba a kowace lita? Minti nawa suka motsa, awa nawa suka bari ya kwanta? NTU nawa ruwan yake kafin da bayan gwajin, wato ma'aunin yawan lakarsa? Sau nawa suka maimaita? Idan kuka jera amsoshin maƙala uku ko huɗu gefe da gefe, za ku fara ganin abin da tsakure ba ya faɗa: zogale ya fi aiki a ruwa mai laka sosai fiye da mai 'yar kaɗan, idan garin ya wuce kima ruwan yakan sake gurɓata, kuma ragowar garin da ya narke yana iya zama abincin ƙwayoyin cuta idan aka ajiye ruwan ya daɗe. Ruwan da ya washe bai zama na sha ba sai an tafasa shi ko an sa masa kulorin. Wannan magana dole ta fito a rahotonku, domin wani zai iya gwadawa a gida.

Ingilishin maƙala yana da nauyi, har ga ɗaliban jami'a. Ku karanta ku biyu ko uku, da ƙamus a gefe, ku ja layi a inda ya gagare ku, ku kai wa malam.

Ba duk abin da ya yi kama da mujalla ne abin dogaro ba. Akwai waɗanda kuɗin marubuci kawai suke karɓa su buga ba tare da tantancewa ba. Alamarsu ita ce alƙawarin bugawa cikin 'yan kwanaki, da haɗa noma da shari'a da likitanci a mujalla ɗaya, da kurakuran rubutu birjik. Idan mujallar ta kyauta ce, ku duba ko tana cikin DOAJ. Rashin ganinta a can ba hukunci ba ne, amma dalili ne na tambayar malam. Manyan mujallu ma sukan janye abin da suka buga. The Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield a 1998, wadda ta jefa shakku a kan allurar rigakafin ƙyanda, sannan ta janye ta a 2010 bayan an tabbatar da rashin gaskiya a aikin. PubMed yakan sa wa irin wannan alamar janyewa, ku riƙa dubawa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuma suna iya ba ku sunan marubuci da shekara da mujalla, komai tsaf, alhali babu maƙalar a duniya. Duk wadda suka ba ku, ku nemi sunanta a Google Scholar, ko ku sa lambarta ta DOI, wadda take farawa da 10, a shafin doi.org. Abin da ba ku gani da idonku ba kada ya shiga aikinku.

Kowace maƙala da kuka riƙe, ku ba ta shafi guda a littafinku tun a ranar: sunan marubuta, shekara, kan maƙala, sunan mujalla, lambar fitowa, shafuka, da DOI idan akwai. Maɓallin Cite na Google Scholar zai tsara muku wannan, amma ku gwada shi da shafin farko na maƙalar, don yakan yi kuskure. A ƙarƙashi, ku rufe wayar ku rubuta abin da kuka fahimta da kalmominku, da Hausa ma idan ta fi muku sauƙi. Jimlar da kuka kwafo yadda take ku sa mata alamar zancen wani da lambar shafi nan take, domin bayan mako biyu ba za ku tuna wacce ce taku ba, kuma ta nan satar fasaha take shigowa ba da niyya ba.

Lokacin tsayawa yana zuwa ne idan sabbin kalmomi suka daina kawo sabbin maƙalu, sunayen da kuka sani suka ci gaba da dawowa. Ga aikin sakandare, maƙalar bita ɗaya da gwaje-gwaje uku ko huɗu da kuka karanta da kyau sun wadatar. A shafin ƙarshe ku rubuta rumbunan da kuka shiga, da ainihin layin kalmomin da kuka sa a kowanne, da kwanan wata, yadda malaminku zai iya maimaita neman da kansa ya duba ko akwai abin da ya kuɓuce muku.