Mayar da kulas bisa injin mota

Lokacin kwasar albasa ne mota ta fi shan wahala. Idan ta tsaya tsakanin Galmi da Konni da buhuhuwa cikin rana, manomi ne ke asara. Sau da yawa abin da ke tsayar da ita shi ne zafin inji, wanda ke ƙone juwan kulas.

Kulas shi ne murfin da ke rufe saman inji. Tsakaninsa da gangar inji akwai wani faifai, shi ne juwan. Aikinsa ya hana ruwa da baƙin mai da wuta su gauraya. In ya ƙone, farin hayaƙi zai dinga fita ta baya, ruwan radiyata na kumfa, baƙin mai kuma ya koma kamar shayi da madara.

Za mu ɗauki misali da Peugeot 504, wadda ta fito a 1968. Kulas ɗinta na sanholo ne, zafi na lanƙwasa shi. Saboda haka kafin a mayar da shi, a kankare fuskarsa tas, a aza ƙarfe miƙaƙƙe a duba. In akwai rata, sai a kai shi wurin masu gyara fuska. Muddin kulas na ƙasa, kada a juya injin, don kwankunan da fistan ke hawa da sauka cikinsu suna iya motsawa.

A share ramukan kusoshi, kada ruwa ko mai ya kwanta ciki. A sa sabon juwan. Mun sha ganin ana shafa wa tsoho manna a mayar, wai tsimi. Wannan tsimi ne ke sa a biya makanike sau biyu.

Ɗaurin kusoshi shi ne babban aikin. Su 10 ne. Ba a farawa daga gefe. Ana farawa da na tsakiya, a bi ta nan a bi ta can, har a kai ga na ƙarshe. Ba a kuma ɗaure su a karo guda: zagayen fari a hankali, na biyu a ƙara, har a kai awon da littafin motar ya faɗa. Akwai makulli mai awo don haka. Ƙarfin damtse ba awo ba ne, ko da makaniken ya daɗe cikin sana'a. Daga nan a daidaita supap. A tsofaffin injuna irin wannan, ana sake ɗaurin bayan kilomita 1000, inji na sanyi.

Saura bututun da ke tattara hayaƙi daga kulas, wanda makanikai ke kira kolekta. A duba ko ya tsage. Shi ma yana son sabon juwan, a ɗaure shi daga tsakiya zuwa gefe. In an ga baƙin kunkunniya a bakinsa, yana yoyo.

A nan lafiyarmu ta shigo. Cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga cikin mota, tana kawo ciwon kai da jiri da tashin zuciya, har ta kashe. Kada a gwada inji cikin ɗaki rufe. In fasinja, musamman yaro ko mai juna biyu, ya fara jiri a hanya, a tsaya, a kashe inji, a fitar da shi iska, sannan a kai shi likita.