Yadda Ake Sabunta Direbobin Kwamfuta Ba Tare da An Jawo Wa Kai Asara Ba

Ɗalibin da ya sayo laftof ta hannu a Titin Beirut ya koma da ita gida Kumbotso, da mai shagon buga takardu a Kura da ke fitar wa dillalan shinkafa rasit, duk sun san wannan matsala: yau firinta ta ƙi aiki, gobe sauti ya ɗauke, jibi waya ta ƙi haɗuwa da kwamfuta. Sau da yawa laifin direba ne.

Direba wata 'yar manhaja ce da ke tafinta tsakanin Windows da sassan kwamfuta, kamar allo da firinta da abin kama Wi-Fi. A wayar Android direbobi suna zuwa ne a cikin sabuntawar wayar, shi ya sa masu waya ba su cika jin labarinsu ba.

Da yake direba a can cikin zuciyar Windows yake aiki, idan ya lalace yana iya tsayar da kwamfutar baki ɗaya. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, har jirage suka kasa tashi a Amurka da Turai.

Ga matakan da ya kamata a bi:

1. A kwafe muhimman takardu a filash, sannan a rubuta Create a restore point a wurin bincike, a ajiye matakin komawa baya.

2. A fara da Windows Update. A Windows 11, ana shiga Advanced options, sannan Optional updates.

3. Idan babu a can, a je shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, kamar HP ko Dell ko Lenovo, a nema da lambar samfurin da ke ƙasan laftof.

4. A guji tallan da ke fitowa yana cewa direbobi sun tsufa, a danna nan. Wasu irinsu ƙwayar cuta suke shigo da ita.

5. A tabbatar batiri a cike yake, saboda ɗauke wuta.

Idan abu ya rikice bayan sabuntawa, a buɗe Device Manager, a shiga Properties na na'urar, a danna Roll Back Driver. Na'urar da ke aiki lafiya kuwa, a bar wa Windows Update kula da ita.